Sawun Farko na Malam Ramalan

Da an sallame sallar asuba, Malam Ramalan ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci. Tasha yake wucewa, ya zuba wa tsohuwar bas ɗinsa ruwa, ya bubbuga tayoyi, sannan ya tayar. Aikinsa ke nan tun zuwansa daga garin Tawa: jigilar jama'a tsakanin Arlit da Akokan. Masu abinci da kulolinsu, leburori, tsofaffi masu zuwa asibiti, duk a mota guda. Watan nan ya ajiye makulli saboda ido ya gaza. Ban ga wanda ya ɗauki alƙalami dominsa ba, shi ya sa na ɗauka.

A shekarun tawayen Abzinawa na biyu, labarin nakiyoyin da ake binnewa a hanyoyi ya hana kowa sakewa. Direbobi suka koma bin sawu: inda tayar motar gabanka ta taka, nan taka za ta taka. To, wa zai fara? Malam Ramalan ne ya ɗauki wannan. Kowace safiya yakan bi hanyar ƙasa da talakawa ke bi zuwa Akokan shi kaɗai, ba fasinja ko ɗaya, ya je ya dawo, sannan ya ce a hau.

A daidai lokacin ne kuma aka buɗe sabon neman ma'adinin uraniyom, baƙi suka cika gari, kowa da salula a hannu. Wani kamfani daga kudu ya kawo sabon salo: ka aika saƙo, mota ko kabu-kabu ta zo har ƙofar gidanka. Aka ce zai rage cunkoso. Ƙarya ne. Idon kowa ya ga abin da ya faru: mota ta taso fanko daga ƙarshen gari don mutum ɗaya, ta sauke shi, ta koma fanko tana yawo tana jiran wani saƙon. Bakin kasuwa ya toshe, hayaƙi ya ƙaru, mutanen da a da ke cika bas guda suka warwatsu cikin jerin motoci. Wanda ke iya takawa zuwa tasha ma ya daina.

Sai magana ta fara zagayawa. Me ya sa wannan tsoho ba ya tsoro? Me ya sa bai taɓa taka komai ba? Ba an gan shi yana shan shayi da makiyayan Gougaram, yankin da ƴan tawaye ke ɓuya, ba? Ba na cewa direbobin saƙo ne suka ƙirƙiro maganar, amma na san a motocinsu ta fi yawo, kuma na san wanda ta amfana. Fasinjoji suka janye. A garin da ake ɗauke mutum kan zargi kaɗai, sunan ɗan leƙen asirin ƴan tawaye ba abin wasa ba ne.

Abokinsa Mano, Ba'abzine mai gyaran tayoyi, ya ce masa, “Ramalan, bar fita da fari. Bari wani ya fara, su ga daɗinsa.”

Ya ce, “In na bari, wa zai fara? Kai da jakinka?”

Wata safiya bas ba ta fito ba. Wani ne ya kai ƙararsa, jami'an tsaro suka zo suka tafi da shi don tambayoyi. Ranar ce asiri ya tonu. Motocin saƙo suka yi layi a bakin hanyar Akokan, injina na ruri, saluloli na ƙara, babu wanda ya yarda ya zama na farko. Ashe duk watannin nan da suke zaginsa, laɓewa suke yi sai ya wuce su bi sawunsa.

Hajiya Bilkisu, mai kai wa leburori shinkafa da wake, ta sauko daga motar da ta kira, ta kama ƙugu. “Kai yaro, ba ka ce da saƙo ɗaya komai na zuwa ba? To aika saƙo sawu ya zo!”

Direban ya ce, “Hajiya, ina da iyali.”

Ta ce, “Shi Baba Ramalan daga sama ya faɗo?”

Ita ce ta ja mutane, da Mano, da limamin tasha, har da wasu direbobin da kunya ta kama, suka je suka tsaya masa shaida. Kafin azahar aka sake shi.

Da ya tayar da bas, jama'a suka bar motocin suka yi ca a kanta, kowa na son ya nuna bai taɓa zarginsa ba. Ya kashe inji, ya leƙo ta taga.

“Ku sauka. Tafiyar farko ba na ɗaukar kowa.”

Suka sauka. Ya je, ya dawo, sannan ya ce, “Bismillah.”

Malam Ramalan, kai ne mai sawun farko. Kai ne ka yi tafiya fanko sau ɗaya a yini don ran mutane, a lokacin da wasu ke yawo fanko yini guda don jiran saƙo. An ɓata maka suna, ba ka ɓata wa kowa ba, har wanda ya kai ƙararka ka bar shi ya ci gaba da bin sawunka.

Yanzu na ji an ce abin ya koma manhaja a cikin waya, da taswira da hoton direba, kuma an sake cewa zai rage cunkoso. Na taɓa jin wannan alkawari. Kafin ku latsa, ku tambaya: motar nan daga ina za ta taso, da wa a ciki, kuma in hanya ta yi tsanani, direbanta zai shiga gaba ko zai laɓe?

Mun gode, Baba. Allah ya ba idonka lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma matasan direbobi, bas ɗin tana nan tasha a ajiye, makullin yana hannun Mano. Har yau babu wanda ya je ya karɓa.