Tsamiyar Da Aka Sare A Hanyar Shagari

Sakkwato

Ƙarfe shida saura kwata, ana sallame Asuba, na haye akori-kura da rabin buhun shinkafa, wadda a shekarun nan na tsuke bakin aljihu sai mai hanya ke samunta. Matar yayana Alu ta haihu, ya aiko cewa sunana zai sa wa yaron in har na iso raɗin suna. Shekara goma sha ɗaya rabona da ƙauyenmu, ga shi bai kai mil talatin ba. Aiki ya yi yawa, haka nake gaya wa mutane.

Direba ya tambaye ni inda zan sauka. Na gyara zaman hula na ce, "Ja mu tahi, ni ɗan ƙasa ne. In mun kai tsamiya ni tsai da kai."

Boɗinga

Shida da rabi muka tarar da shingen 'yan sanda. Kofur ya shafa buhuna kamar mai duba ragon layya.

"Mi anka kawo muna?"

"Gaisuwa, ranka shi daɗe."

Gaisuwar ba ta ƙosar da shi ba, sai da direba ya haɗa da sule biyar. A mararrabar Dancadi masu albasa suka sauka, suka bar mana warin kyauta.

Daga nan na kafa wa hagu ido. Duk wanda aka haifa a wajenmu ya san inda ake ratsewa: babbar tsamiya, sai hanyar jakai. Ashe da aka zo faɗaɗa titin garin shugaban ƙasa an sare ta, ba wanda ya yi shawara da ni.

Shagari

Bakwai da kwata mota ta tsaya. Na ce ina ne nan? Direba ya ce, "Ɗan ƙasa, ƙarshen hanya ke nan." Har tsohuwar da ke bayana sai da ta dara.

Na sayi ƙosan sule na huce haushi, na bi mai babur muka koma baya mil shida. Sau biyu muna ratsewa cikin gonar mutane. A ƙarshe na sauke girman kai na tambayi wata mai fura hanyar gidan ubana. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Garba? Kai na ka tambayar hanya?" Goggona ce. Kunya ta kama ni har wuya.

Gida

Tara da minti goma na yi sallama. Na gode Allah da Ya kawo ni lafiya, na gode wa Goggo da ba ta tona ni a gaban mai babur fiye da haka ba. An watse, an naɗe tabarmi, rago har an feɗe.

Alu ya karɓi buhun, bai ko dube shi ba.

"Mun jira har liman ya gaji," in ji shi. "Amma sunanka munka sa mai. Ko ba komi, a samu Garba guda da ya san hanyar gida."