Turmin Gwaggo Mairo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 8 ga Oktoba, 2024, bayan sallar La'asar, Allah ya karɓi ran ƙanwar mahaifina, Gwaggo Mairo, a ƙauyenmu da ke gabashin Makoɗa. An yanke sabon gero, ba ta kai ga daka shi ba.

Gwaggo, duk wanda ya tashi a gidanmu a bakin turminki ya san ko shi wane ne. Kina lugude kina jero sunayen kakanninmu cikin waƙa, tun daga Buwai, Bamagujen da ya sari dajin da muke nomawa, zuwa 'ya'yansa biyu: Maikano da ya musulunta, wanda muka fito daga tsatsonsa, da Ɗanliti da jikokinsa ke zuwa coci a tsallaken rafi. Muryarki ba ta da wani zaƙi, kin sani, mun kuma sha faɗa miki. Amma yaron da ya amsa waƙar daidai shi ke samun dunƙulen gumba, don haka duk muka iya amshi.

Na tuna shekarar da Jamil, ɗan wana, ya dawo daga makaranta a Bichi ya ce ki cire sunan Buwai, tunda bai yi sallah ba. Ko taɓarya ba ki ajiye ba kika ce, "To ɗan nan, ka fara cire geron gonarsa daga cikinka." Bai sake tayar da maganar ba.

Tsorona da na ji rasuwarki shi ne kada zumuncin gidajen nan biyu ya bi ki kabari. Ke kaɗai kike riƙe da waƙar gaba ɗaya, ke ce kuma mai tsallaka rafi duk ranar suna ko biki.

Ranar sadakar uku mata suka taru dakan gumba, shiru sai ƙarar taɓare. Can Aina'u, 'yarki, ta ɗauko waƙar ƙasa-ƙasa, don gidan makoki ne. Ta kawo zuriyar Maikano tsaf, da ta iso kan Ɗanliti sai ta kakare. Loveth, jikar gidan tsallake, wadda ta zo gaisuwa, ta karɓi taɓarya ta ci gaba daga nan. Ashe kowane gida rabinsa ya riƙe. Da suka kai ƙarshe suka ƙara sunanki. A zaure nake ina ji, na yi kuka.

Yanzu ba mai iya rera ta shi kaɗai, sai an aika tsallake.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki Aina'u da Sama'ilu da jikokinki, da dukkan zuriyar Buwai, na wannan gaɓar rafi da na waccan.