Yadda Banki Ya Binciki Kawu Isiyaku

Duk wanda ya zauna unguwar Hayyin Ashir ta Alkahira a zamaninmu ya san ba a yi wa Kawu Isiyaku tambaya a samu amsa. Ka ce masa, "Kawu, ya gida?" sai ya sauke tabarau zuwa karan hanci, ya ƙare maka kallo daga hula har silifa, ya ce, "Wa ya aiko ka?" Ka tambaye shi ƙarfe nawa, wa ya aiko ka. Akwai ranar da likita ya ce masa ina ke ciwo, ya ce a fara gaya masa wanda ke son sani. Ku da kuka san shi kun san ban ƙara gishiri ba, in ma na ƙara, bai wuce cokali guda ba.

Mutumin Gumel ne. Karatu ya kawo shi Alkahira, karatun ya ƙare, shi ya ƙi ƙarewa. Ya buɗe ɗan ofis a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, yana aika wa 'yan kasuwar gida kaya: littattafai, jallabiyoyi, turare, abayoyi. Ni Habu, da nake yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga gida tafinta, shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan. Ya ba ni katifa, ya kuma faɗa mini nawa ya saye ta, don in san irin kwanciyar da zan yi a kai.

Kowa ya san Kawu na da hali, ban da Kawu. In ka ce masa kasuwa ta yi kyau, sai ya ce, "Rufin asiri dai." Takalminsa ɗaya ya ga shugabannin ƙasa uku. Kuma saboda ɗalibai masu zuwa neman rance, ya daɗe da yi wa bawwab ɗin benensu, wato mai gadin ƙofa, wani dattijo Ammu Ragab, huɗuba: duk wanda ya zo tambayar Hajj Ishaƙ, yadda Larabawa ke kiran Kawu ke nan, a ce masa miskini ne, ba shi da ko na burodi.

To, a shekarar da ta biyo juyin juya halin ƙasar nan, ciwon ƙoda ya kama matarsa, Hajja Rakiya. Wankin ƙoda sau uku a mako, kuma asibitin na can wajen Ma'adi. Kun tuna yadda gari yake a lokacin. Yau an rufe wannan titi, gobe an rufe wancan, mai tasi ya leƙo ya ji inda za ka, ya ja motarsa ko sallama babu. Wata rana ƙaramar bas ta sauke su nesa da gida, Hajja ta fito daga wanki ba ƙarfi, ta zauna a bakin titi ta kasa tashi. Washegari Kawu ya same ni ya ce, "Habu, mota zan saya."

Na duba sama ko za a yi ruwa.

Rabin kuɗin ke hannunsa. Sauran abin da ke ofis na mutane ne, ya ce ko zai mutu ba zai taɓa ba. Dole sai ta banki, a biya wata-wata. Sai da ya zaunar da malamai uku suka tabbatar masa bankin zai sayi motar ne ya sayar masa, ba kuɗin ruwa zai ci ba, sannan ya yarda. Daga nan ya wuce shagon kwafi, ya sa aka buga masa fasfo da takardar zama har kwafi ashirin, don mai shagon ya ce in an kai ashirin akwai ragi.

Wannan ragin shi ya ja mana komai. Kawu ba zai bar takardar da ya biya kuɗinta ta zauna a banza ba.

Muka shiga zagayen gidajen sayar da motoci na Madinat Nasr. Duk inda muka shiga sai ya daki taya da ƙafa, ya sa a buɗe gaban mota, ya tsaya yana kallon inji yana gyaɗa kai, alhali bai san inda ake zuba ruwa ba. Sai ya ce a faɗa masa gaskiyar kuɗi. Mai sayarwa ya ce, "Ya Hajj, ba mu kwafin takardunka, ka sa hannu a nan, sai mu ji abin da zai zo maka a wata."

Na ce, "Kawu, karanta tukuna."

Ya ce, "Takardar da ba a karɓi sisina a kanta ba, me zan karanta? Kai dai ka iya ɓata lokaci."

Gida shida muka shiga cikin kwana tara. Mutumin da ba ya gaya wa maƙwabcinsa ƙarfe nawa, ya sa hannu sau shida cewa ya yarda a bincike shi ciki da bai.

Da ya zaɓi wadda yake so, wata 'yar farar mota, aka tura mu banki. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta buga sunansa a na'ura, ta sake bugawa. Sannan ta yi mana bayani. Ashe akwai ofis guda da ke ajiye sunan duk mai hulɗar bashi a ƙasar. Duk gidan motar da ya karɓi takardunka, banki yake miƙa wa, banki ya tambayi wannan ofis, kuma kowace tambaya ana rubuta ta a ƙarƙashin sunanka.

Ta ce, "Ya Hajj, an yi tambaya a kanka sau shida cikin kwana tara. Mu a wurinmu, mai irin wannan mutum ne da ruwa ya ci, yana neman abin kamawa."

Kawu ya ce, "Tayi na yi, 'yata. A garinmu ko akuya ba a saye a rumfar farko."

Ta ce, "Akwai kuma wata matsalar. Ba ka da tarihi. Ba ka taɓa cin bashi ba?"

Kawu ya gyara zama, ya ɗaga ƙirji. "Alhamdu lillahi. Ko na ashana."

"To ita ce matsalar. Ba mu san yadda kake biya ba."

Ya juyo gare ni da Hausa. "Habu, ka ji ikon Allah? Wai sai ka nuna takardar saki kafin a ba ka mata."

Na ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri. Ya ce in riƙe ma'alish ɗina, zai yi mini amfani.

Ma'aikaciyar ta tausaya mana. Ta ce tunda zai ba da rabi a hannu, za su aiko mai bincike ya ga gidansa, ya ji bakin maƙwabta. Isti'ilam suke kiran abin. In rahoto ya yi kyau, khalas, shi ke nan, a ba shi mota. Ba a faɗin ranar zuwa.

Mu duka biyu muka manta da Ammu Ragab.

Mai binciken, wani siriri mai suna Ustaz Magdi, ya iso da hantsi riƙe da jakar takardu, Kawu na ofis. Ya tarar da bawwab a kan bencinsa, ya ce yana tambaya ne a kan Hajj Ishaƙ. Ammu Ragab ya ga mutum da jaka, ya ce yau ga babban mai neman rance. Ya ajiye kofin shayinsa ya fara aiki. Ya ce bawan Allah ne, amma miskini. Ya ce wake yake ci safe da rana. Ya ce a dubi takalminsa kawai. Ya ce shi kansa, da yake bawwab, yakan ji kamar ya ba shi sadaka. Mai kantin ƙasan bene ya leƙo ya ƙara da cewa shekara goma sha biyar bai taɓa ganin Hajj ya sayi ƙwai fiye da biyu a tashi ɗaya ba. Wannan kam gaskiya ce.

Bayan kwana huɗu banki ya kira: ba a amince ba.

Ina wurin Kawu ya tsaya a kan bawwab. "Ragab, ka kashe ni."

"Ya Hajj, kai ka koya mini. Duk Idi fam biyar kake ba ni don in faɗi haka. Ran nan har hawaye na ƙara maka, ban ce ka biya ba."

Kawu ya juya ya hau bene. Ban taɓa ganin an ƙure shi ba sai ranar.

Da abin ya ci shi ya ci shi, sai ya ce ai bincike ba gadon gidansu ba ne. In za a ƙulla hulɗar shekara uku, kamar aure ce, kowane ɓangare na da haƙƙin ya san asalin ɗan'uwansa. Ya tafi ƙofar bankin, ya sami mai shayin da ke gefe, ya fara tambaya a kan manaja: ɗan wane ne, wace unguwa yake, yana zuwa masallaci, yana biyan kuɗin shayi? Bai kai ga kakan manaja ba masu gadi suka rako shi har bakin titi. Ya dawo yana kaɗe riga ya ce mini, "An fasa. Manajan nan ba shi da tarihi a wurina."

Muka yi dariya, amma wankin ƙoda bai san an fasa ba. Aka koma tsayuwar jiran tasi. Wata ranar Laraba na raka su, muka fito asibiti, muka fi awa guda a rana. Hajja na jingine da bango, leɓɓanta sun bushe. Kawu na ta ɗaga hannu, motoci na wucewa. Sai ta ce masa a hankali, "Malam, daina wahalar da kanka a kan motar nan. Na saba."

Kawu ya ci gaba da ɗaga hannu. Da ƙyar muka sami tasi zuwa gida.

Da safe ya kira ni ya ce in koma wurin ma'aikaciyar nan in roƙe ta. Na je na yi magiya da duk Larabcin da na tara a shekara ashirin. Ta ce za a sake bincike sau ɗaya, wannan karon a wurin aikinsa.

Ranar da Ustaz Magdi ya zo ofis, Kawu ya sa babbar riga, wadda rabona da ganinta tun ɗaurin aurena. Ya kulle ƙofa, ya ja labule, ya buɗe wata tsohuwar kabad ta ƙarfe. Rasit ɗin haya, na wuta, na haraji, na kowace shekara an ɗaure shi daban da zare, tun daga shekarar da ya buɗe ofis. Ustaz Magdi ya yi ta juya takardu yana cewa ma sha Allah. Can ya ɗaga biro ya ce, "Ya Hajj, nawa kake samu a wata?"

Na ga tabarau ya fara gangarowa karan hanci. Na ce a raina shi ke nan, mun sake komawa tasi. Sai Kawu ya sa yatsa ya mayar da shi sama. Ya ce, "Habu, fita."

Na fita, amma kunnena ya ƙi bina.

Na ji ya faɗi adadin, da murya irin ta wanda ake cire wa haƙori. Ba zan maimaita ba, amanarsa ce, sai dai in ce muku na dafa bango. Ustaz Magdi ya ce, "To bawwab ɗinka fa? Ya ce wake kake ci."

"Wake nake ci. Ina da hali, kuma ina cin wake. Rubuta duka biyun."

Sai ƙarar biro a kan takarda. Sannan na ji Kawu ya sake magana, muryar ta sauka ƙasa.

"Matata ce ba ta da lafiya, ya ustaz. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa ce mini saya mini kaza ba. Rubuta wannan ma, in akwai wuri."

Bayan mako biyu aka ba shi makulli.

Tuƙin Kawu kuwa, Allah ya sa kuna cikin waɗanda suka gani. Ya rungume sitiyari kamar za a ƙwace, yana tafiya a babban titin da ke gangarawa Ma'adi kamar mai rakiyar jana'iza. Amalanken jaki ya taɓa wuce mu, mai jakin ya juyo ya yi mana sallama. Direbobi na ta hon suna zagin kakanninsa, shi kuwa yana cewa, "Su wuce, ba su suka ba da rabi a hannu ba." Mutumin da ke kashe fankar ofis in baƙo ya fita, sai ga shi yana kunna na'urar sanyi tun daga ƙofar asibiti har gida. Hajja na kujerar baya da ɗan matashin kanta mai zanen fulawa, tana gyangyaɗi. In an shiga da ita wanki, awa huɗu zai zauna cikin mota a bakin asibiti yana jan carbi. Lokacin da man fetur ya yi wuya, yakan wuni a layi ranar da ba ta da wanki, don kada ranar wanki ta zo tanki ba komai. Ba ta sake zama a bakin titi ba.

Shekara biyu ta yi tana shiga motar nan kafin Allah ya karɓi abarsa. Bayan an share makoki na ce masa, "Kawu, tunda ofis kawai kake zuwa, ga jirgin ƙasa, ka sayar da ita mana ka huta da biyan wata."

Ya daɗe yana kallon motar ta taga. Ya ce, "Matashinta na ciki."

Bai cika shekara ba ya bi ta. Mun binne shi a nan Alkahira, ba nisa da ita.

Allah ya jiƙan Kawu Isiyaku, ya jiƙan Hajja Rakiya. Ya yafe musu kurakuransu, ya sanyaya makwancinsu, ya haɗa su a inda babu ciwo, babu jira a rana. Mu da muka saura, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.