Curin Lakar da Ban Jefa Ba

Ranar wata Asabar ce, a ƙarshen daminar shekarar da na shiga aji shida na firamare. Da sassafe Baba ya tsallakar da ni a kwale-kwale zuwa gonarmu ta shinkafa da ke fadama, ya bar ni a kan rumfar gadi, shi kuma ya wuce Kafin Hausa ta'aziyyar wani amininsa. Shinkafar ta fitar da kai amma ƙwayarta ba ta gama ƙosawa ba, lokacin da tsuntsun nan jan-baki ya fi sonta ke nan. Kafin ya tafi sai da ya mulmula min curin laka ya jera a bakin rumfar, ya miƙo min majajjawa, ya ja igiyar da ta ratsa gonar don ya tabbatar gwangwanayen da aka zuba wa tsakuwa suna ƙara. Ya ce, "Ado, abincinmu na shekara ke nan na bar maka." Bai san akwai littafi a cikin rigata ba.

Littafin na Kawu Habu ne, ƙanin Inna, wanda yake ɗinki a cikin garin Haɗejia. A ƙarƙashin keken ɗinkinsa akwai wani tsohon akwati cike da littattafai, yawancinsu na kisa da bincike, bangonsu duk ya yage. Shi ne ya fara shigar da ni gidan kallo wata la'asar, muka zauna a kan benci, janareto yana ta kuka a waje. A fim ɗin an kashe wani attajiri, wani mutum mai doguwar riga yana ta duban ƙasa, yana shinshina kofi, har ya nuna wanda ba a taɓa zarga ba. Ban ji harshensu ba, wani saurayi ne a kusa da talabijin yake fassarawa, rabi nasu rabi nasa. Daga ranar na zama abin tsokana a gidanmu. In akuya ta ci zogalen Inna sai na bi sawu gida-gida, in alli ya ɓace a aji sai na duba yatsun kowa, har abokaina suka sa min suna Sufeto. Inna kuwa cewa take, "Yaron nan in ya kama takarda, ko gobara ake ba ya ji." Ta riga ta rantse duk ranar da littafi ya sake sa ni sakaci, a murhu zai kwana, kuma ni da shagon Kawu sai dai gaisuwar Sallah.

Na yi gadin da gaske har hantsi. Da na ga sama fayau, sai na ce bari in karanta shafi biyu. An zo daidai inda mai binciken ya tara mutanen gidan a ɗaki ɗaya zai faɗi wanda ya sa guba. Na ji wata ƙara kamar ta ruwan sama daga wajen kacalla, ciyawar nan mai tsayi da tsuntsayen suke kwana a cikinta, amma ban ɗaga kai ba. Sai da na kai shafin ƙarshe na duba, na ga gonar tana motsi baki ɗaya. Na yi ihu, na fizgi igiya, suka tashi dubbansu har suka rufe rana. Na sauka na shafa kan shinkafar, sai ƙaiƙayi yake zuba a tafin hannuna. Na zauna a cikin laka na yi kuka har muryata ta dushe.

Bayan la'asar Baba ya dawo. Tun kafin ya ɗaure kwale-kwale na tare shi da labarin da na shirya, wai tun safe nake fama da tsuntsayen, sun fi ƙarfina. Ni a ganina na ƙware, tun da na karanta yadda masu laifi suke yi. Baba ya ɗaure kwale-kwalen. Ya zagaya gonar a hankali, yana sunkuyawa yana duba kunya ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo rumfar sai ya tsaya a kan curin lakar nan. Suna nan a jere yadda ya bar su, rana ta busar da su har sun tsattsage, uku kawai na jefa. Ya ɗauki ɗaya ya murƙushe a hannunsa, sannan ya dubi ƙirjina inda kusurwar littafin ta tokare riga. A nan na gane an kama ni, kuma wanda ya kama ni ko harafi ɗaya na boko bai sani ba.

Ya ce, "Fito da shi." Na miƙa masa. Ya jujjuya shi, ya tambaye ni abin da ke ciki, na faɗa masa a taƙaice. Ya ce, "To, an gano mai laifin?" Na ce an gano shi. "Me aka yi masa?" Na ce an tona masa asiri a gaban kowa, an tafi da shi. Ya daɗe yana kallon gonar. Sannan ya mayar min da littafin, ya ce, "Sa shi a riga kada ya jiƙe, kayan mutane ne."

Da muka isa gida Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ga fuskarsa, ta ajiye rariyar. Na tsaya a bayansa ina jiran abin da zai biyo baya. Ya ce mata, "Jan-baki ya sauka. Abin da Allah ya rubuta mana ke nan bana." Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙara ko kalma ɗaya ba. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. A shekarar ne Baba, mutumin da bai taɓa yin mako guda a wajen garinmu ba, ya ɗaure tabarmarsa ya tafi ci-rani kudu. Wata huɗu ya yi yana dako, ya dawo a rame, kafaɗarsa ta yi kanta. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar min da maganar ba, kuma duk lokacin da zai shiga Haɗejia sai ya tambaye ni ko akwai littafin da zai mayar wa Kawu.

Yau littattafan bincike nake rubutawa, kuma in aka tambaye ni inda na samo abin, nakan ambaci akwatin Kawu da bencin gidan kallo, gaskiya ne kuwa. A wurinsu na koyi yadda ake bin sawu har a kai ga mai laifi. Amma masu karatu suna yawan ƙorafin cewa masu binciken nawa sukan gano gaskiya su tsaya suna jinkiri, kamar akwai abin da ya fi ta nauyi. Gonar tamu yanzu kacalla ta cinye ta, yaran garinmu kuma a waya suke kallon fim, kowa shi kaɗai. Nakan so a ce Baba yana nan in karanta masa ko shafi ɗaya, in kuma faɗi abin da na kasa faɗa a bakin rumfar. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, shi ma bai taɓa bari in ga yana jira ba.