Goran da na huda

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokai. Kun saba ganin barkwanci a wannan shafin nawa. Yau ba shi na kawo ba. Maganar nan ta kusa shekara saba'in a cikina, ko 'ya'yana ba su san ta duka ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, allo kawai na yi.

Na yi kuturta.

Kafin a samu 'yancin kai ne, ina saurayi a Gumel. Babana baduku ne, ni kuma sana'ata tsokana. Ilu Shaƙiyyi ake ce mini. Ba wanda ban iya kwaikwayon tafiyarsa ba.

Wata bazara, wani matafiyi mai dungulmin yatsu ya tsaya nesa da rijiyar unguwarmu. Mai wannan ciwo ba ya taɓa guga, sai ya ajiye goransa a ƙasa ya ja da baya, wani ya zuba masa. Ya ce, "Samari, a taimaka, Gagarawa na nufa."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe!" Na cika goran, na zaro basillar Baba na huda gindinsa, na toshe da taɓo yadda sai ya yi nisa zai buɗe. Da ya juya na naɗe yatsuna ina bin sa da ɗingishi. Abokaina har da faɗuwa.

Bayan damina biyu, ina gasa dankali, sai na ji ƙaurin nama. Hannuna ne a kan garwashi, ban ji ba. Dama akwai wani tabo ja a bayana, Inna tana cewa ƙyasfi ne.

An yi rubutu, an yi jiƙo, shiru.

Ranar da na fi tunawa ita ce ranar da Inna ta ɗaura wa ƙwaryata tsumma don kada ta haɗu da ta sauran. Tana ɗaurawa tana kallon bango. Aka mayar da ni bukkar bayan gida. Abokan dariyata ba wanda ya leƙo.

Ranar kasuwar Maigatari Baba ya sa ni a bayan babbar mota, can gefe kusa da awaki, zuwa wani asibitin mishan. Ya ce, "Ilu, ka riƙe sallarka." Bai ba ni hannu ba.

A can aka rufe mini ido, ana goga auduga a jikina, in na ji in nuna. Wurare da yawa ban nuna ba. Aka ɗan tsaga fatar kunnena aka kai dubawa. Sista, wata Baturiya, ta ce, "Akwai magani, amma sai shekaru." Ƙwaya sau biyu a mako, da wankin miki kowace safiya.

Mai wankin mikin, Malam Bitrus, shi ne mai goran. Shi ma a nan ya warke, ya zauna yana aiki.

Na sunkuyar da kai. Wata huɗu ina miƙa masa hannu ban ɗago ba, ban yi magana ba. Ya laƙaba mini Bebe. Ni da bakina ba ya hutawa! Na tabbata alhakinsa ne ya kama ni, kuma ranar da ya gane ni, ranar za a kore ni, ga shi ba ni da wurin komawa.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni, jikina duk ƙuraje, na ɗauka tafiya ce. Malam Bitrus ya zo da kunu. Na ce, "Malam, ni ne na huda maka gora a Gumel."

Ya ce, "Ashe Bebe yana magana! Ɗana, tun ranar da aka sauke ka na gane ka. Wa zai manta waɗannan kunnuwa?"

Na tambaye shi ko ya kai Gagarawa. Ya ce bai kai ba. Masu raƙuma ne suka tsince shi a gindin aduwa, harshe ya bushe.

Na fashe da kuka, na ce to ga hukuncina nan a jikina. Ya ce, "Kai! Ni wa na huda wa gora da kuturta ta kama ni? Ciwo ne. Laifi kuwa ka yi, ba zan ce ba ka yi ba. Dokar Allah kamar audugar Sista ce, tana nuna inda ya mutu, amma ba ta warkarwa. Da aka goga mini ita, ni ma ko'ina a mace. Mu Kirista mun gaskata Yesu Almasihu ya ɗauki hukuncinmu, aka yafe mana ba don mun cancanta ba. Abin da aka ba ni haka nan, yaya zan hana ka?"

Na ce ya bari in riƙa ɗebo masa ruwa har in bar nan, in rama. Ya ce, "Ruwa kam ka ɗebo, ina so. Amma ba ramuwa ba ce, wancan an gama. Sha kununka."

Shekara uku na yi. Baba ya zo sau biyu. Na fito da yatsuna tara da rabi da takardar sallama. Sallata na riƙe, kamar yadda Baba ya ce, Malam Bitrus kuwa bai taɓa matsa mini ba.

Shawarata: in kun ga tabo a jiki wanda ba ya jin taɓi, ku tafi asibiti da wuri, ana warkewa. In naku ne ya kamu, ku zauna kusa da shi, kaɗaicin ya fi mikin ciwo. Kuma in kuna da wanda kuka cuta, ku je tun yana da rai.

Na gode wa Allah, na gode wa Inna da ta kwance tsumman nan da hannunta, na gode wa Malam Bitrus, wanda ya daɗe da rasuwa.

Ranar da zan tafi ya raka ni bakin hanya, ya rataya mini gora cike da ruwa. Na juya gindinsa, sai ga hujin nan da na yi da basillar Baba, an liƙe da kakin zuma.

Har Gumel bai ɗiga ba.