Shekarar da Na Shayar da Binne

Ni fa harkar shuka a waya na koye ta, ba wanda ya zaunar da ni. In na samu caji sai in yi ta kallon mutanen wasu ƙasashe suna tona bayan gidansu, kuma duk abu guda suke faɗi: in ka sa iri a ƙasa, ka ba shi ruwa. Na riƙe wanga zance gam. Har yau ban ga inda sunka yi ƙarya ba, shi ya sa maganar geron kakata take ɗaure min kai.

Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, gidanmu a Sabon Birni kowa na shirin damina. Baba na bisa soro yana yaɓe tsagar da ta yi mana yoyo bara. Inna ta mai da randuna inuwa ta zuba musu yashi a gindi. Ni anka ba ni gyaran dangar garka, ɗan filin da ke bayan ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. Ina cikin ɗaure kara sai ga ta da 'yar gora. Wani gero ne a ciki mai ɗan ja, irin gidan mahaifinta can Tsamaye, wanda ta ce ba wanda ya saura da shi sai ita. Ɓeraye sun yi mata ɓarna, abin da ya rage bai cika tafi biyu ba. Ta sara ramu, ta zuba, ta rufe da dunduniya, ta kakkaɓe gorar. Ƙasar kuwa busassa ƙayau, ko alamar hadari babu.

Na tambaye ta wa zai ba shi ruwa, ta ce binne ne, ta wuce. Na sha jin kalmar bakin manoma, amma ban taɓa tsayawa na tambaya ba. Na ɗauka ƙarfin ɗibar ruwa ne ba ta da shi, tana jin nauyin faɗi. Sai na ce za ni yi mata bazata. Kullum da safe bokiti biyu daga rijiya, ban gaya wa kowa ba. Rana ta huɗu sai ga tsiro kore shar. Na je da gudu na kira ta.

Ta zo ta dubi tsiron, ta dube ni.

"Maigidana, mi kay yi?"

Na ce ruwa na ba shi, ga shi ya fito. Ta ce ai fitowar ita ce matsalar. Binne barci yake yi cikin busasshiyar ƙasa har ruwan sama na gaske ya tashe shi. Ni na tashe shi tun sama ba ta shirya ba, kuma ita Kaka ba ta da ko ƙwara guda da za ta sake shukawa. Baba ya leƙo daga bisa soro yana dariya, ya ce tunda na zama girgije, sai in ci gaba da zuba har na Allah ya iso.

Haka na yi ta zuba. Rijiya ta ja baya, Inna ta fara ɓoye guga. Na koma tara ruwan alwala a kwano da na ɗaurayar tukunya. Duk unguwar ba wani kore sai garkarmu, awaki sunka gane, kaji sunka gane, dangar da na gyara sai da na sake gyara ta sau uku. Na koma waya neman dabara. Wani ya ce da safe ake ba ruwa, wani ya ce da marece, wani ya ce a rufe gindin da busasshiyar ciyawa. Na rufe, gara ta zo. Kaka ta ce in kwashe, Baba ya ce in bari. Na kwashe rabi.

Ana haka anka yi wani ɗan yayyafi, sannan sama ta ɗauke kwana da kwanaki. Maƙwabtanmu da sunka yi binne a gonakinsu, nasu ya tsiro ya ƙone, sai da sunka sake shuka. Namu kuwa, cikin ramun nan duka, bakwai sunka ga ruwa na gaske.

Na ce shi ke nan, an huta. Ashe tunda ya riga kowa tashi, zai riga kowa fidda kai. Geron mutane na gwiwa, namu ya yi ido, tsuntsayen garin duka sunka tare a kansa. Kaka ta yayyaga tsohon zanenta munka ɗaure kawunan. Zangarniya huɗu munka samu. Ta murje su, ta gauraya da toka, ta zuba a gwangwani mai murfi.

Na tambaye ta, don Allah ta gaya min gaskiya, kashe mata gero na yi ko ceto? Da ban ba shi ruwa ba, ai da yayyafin nan ya tashe shi ya mutu kamar na maƙwabta. Ta ce wataƙila. Na ce to ashe daidai na yi. Ta ce a'a.

Da bazara ta kewayo ta miƙo min gwangwanin ta ce in yi binnen da hannuna. Ina sara ramu, ita kuma ta kife bokitina ta zauna a kai.