Fanfon da Ba a Takawa Sai Ranar Kasuwa

Ban taɓa mantawa da ranar da Shef, shugaban aikinmu, ya kira ni ofis ya ce mini za a je a tumɓuke fanfon wani ƙauye ba. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, ni kuma ina animatiris a wani furoje, wato shirin taimako, na ruwan sha a nan Filinge. Ku sabbin shiga da ba ku riski sunan ba, animatiris ba ta haƙa rijiya, ba ta gyaran inji. Aikinta ta shiga ƙauye ta zauna da mutane, ta kai musu maganar ofis, ta kawo wa ofis tasu. Ƙauyen yana cikin ƙasar Kurfai, amma ba zan faɗi sunansa ba, don har yau in aka taɓo labarin dattawansu sunkuyar da kai suke yi suna dariya.

Ƙa'idar furojen ita ce, in aka kafa fanfo a gari aka ga ba a aiki da shi, sai a cire a kai wa wani garin da ke jiran layi. Ba mugunta ba ce, masu jira suna da yawa. To wannan fanfo an kafa shi, an yi bikin buɗewa har da yanka rago, amma duk sanda motarmu ta bi ta wurin sai a tarar da shi fayau, ko akuya babu. Mata kuwa suna can suna tafiya mai nisa zuwa tsohuwar rijiya, wadda suke rabawa da shanun makiyaya.

An tura tekinisiye, wato mai duba inji, ya ce lafiyarsa lau. An auna ruwan, aka ce garau yake. Aka tura Isufu, abokin aikina, da takardar anketi, irin tambayoyin nan na i ko a'a. Ya yi aikinsa tsaf, gida-gida. Ruwan da daɗi? I. Fanfon na da wuyar takawa? A'a. Kuna son shi? Ƙwarai. Isufu ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce kowa na son fanfo, amma babu mai zuwa.

Na ce wa Shef, "Shef, a ba ni dama in je in zauna da su kafin a cire."

Ya ce, "Madam Rakiya, an riga an tambaye su."

Na ce, "An tambaye su abin da muka sani ne. Abin da ba mu sani ba, ba mu san yadda za mu tambaye shi ba, sai an zauna."

Shef mutum ne mai sauraro, Allah ya saka masa. Ya ce motar masu cirewa za ta je sati mai zuwa, in na samo dalili kafin nan, to, in ban samo ba kada in zo ina yi masa kuka.

A horon da aka yi mana a Yamai an koya mana cewa bincike iri biyu ne. Akwai na ƙidaya, shi ke gaya maka mutum nawa, sau nawa. Akwai kuma na zama da sauraro, inda kake hira doguwa ba tare da ka sa wa mutum amsa a baki ba, kake bin mutane cikin aikinsu kana lura da abin da suke yi, ba abin da suke faɗa kaɗai ba. Wannan na biyun na ɗauka. Na bar takarda a jaka, na ɗauki jarka da tabarmata.

Aka sauke ni gidan wata tsohuwa, Inna Gado. Kai, ban taɓa ganin mai baki irin nata ba, ni da ake cewa ina da baki! Tana ganina ta ce, "Tau, ɗiyar birni, ke ma kin zo ki tambaye mu ko ruwa na da daɗi?"

Na ce, "A'a Inna, na zo ki koya mini daka ne."

Ta ce, "Da waɗannan hannuwan? Allah shi kyauta."

A gidan akwai matar jikanta, Ramatu, yarinya mai fara'a, da tsohon ciki. Da sassafe na bi Ramatu zuwa rijiya. Wallahi tun kafin mu kai rabi na fara haki, ita kuwa tana tafe tana dafe ƙugu. Ruwan da muka jawo ja ne, da ɗiyan ciyawa a ciki. Abin ya ba ni haushi, ya ba ni tausayi. Da muka dawo sai na ga duk matan sun yi wani zagaye ta bayan rumbuna, ba su bi ta gaban fanfon ba, alhali nan ce hanya mafi kusa. Ban tambayi dalili ba. In ka ce wa mutum "me ya sa" da wuri, amsar da zai ba ka ta sallama ce. Sai na ce, "Ramatu, ba ni labarin ranar da kika fara taka fanfon nan." Ta rufe fuska da gyale ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Yaya, bari kawai."

Haka na yi ta bin su, daka, tsintar itace, rijiya. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Filinge, ina kwance sai na ji hayaniya. Na leƙa, me zan gani? Fanfo ya cika maƙil da mata! Jarkoki, bokitai, tuluna, har da masu wanki. Ramatu na tsaye a layi tana tafi, wata na takawa ana yi mata waƙa. Na duba na sake dubawa, me ya bambanta yau da jiya? Sai idona ya faɗa kan wata sabuwar rumfa da ke fuskantar fanfon, ba nisa. Kullum cike take da dattawan gari, da Maigari a tsakiya. Yau babu kowa, duk sun tafi kasuwa.

Na fara zato, amma zato ba sakamako ba ne. Washegari dattawa suka dawo rumfarsu, fanfo ya koma fayau. Na ce wa Inna Gado ina so in ɗebo ruwa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Awo, je ki taka mu gani."

Fanfon irin na ƙafa ne. Sai ka hau, ka riƙe ƙarfe, ka dinga tsalle a kan mataki da duk nauyinka. Na hau na fara. Jama'a! Jiki duk ya ɗauki rawa, zane na neman kwancewa, kallabi ya zame. Na ɗaga kai na dubi rumfa, sai na ga dattawan nan kowa ya kau da fuska, wani na kallon ƙasa, wani ya ƙura wa carbinsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Ni da ba ni da kowa a garin sai da kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Na sauko da rabin jarka.

Na tarar da Inna Gado ta riƙe ciki don dariya. Ta ce, "Ke baƙuwa ke nan. Tau ina ga wadda uban mijinta ke zamne a wurin?"

Garin duk dangi ne. Babu matar da ba ta da suruki a rumfar nan, ko uban miji, ko wansa, ko kawunsa. Macen da ko sunan surukinta ba ta faɗa, ko abinci ba ta ci a gabansa, ita ce za ta hau ƙarfe tana tsalle yana kallo? Kuma wa zai faɗa wa Isufu wannan, namiji, da takarda a hannu, maigida na tsaye? Amma ban tsaya kan maganar Inna kaɗai ba. Na ji ta bakin matan ɗaya-ɗaya, amare da masu goyo, sannan na tara su wurin daka muka yi hira tare. Magana ɗaya ce ke fitowa, kowace da irin dariyarta.

Saura dattawa. Na je na durƙusa na gaida Maigari, na ce, "Ranka ya daɗe, rumfar nan ta yi kyau. Da can a nan kuke zama?" Ya ce a'a, da can gindin gawo suke zama, bayan masallaci. Ranar bikin buɗewa ne manyan furoje suka damƙa musu amanar fanfon, suka ce in ya lalace babu wani. Shi ne suka kafa rumfa a gabansa, suna gadi kullum, cikin zafin nan, kada yara su ɓata shi. Ya ƙara da cewa, "Ga shi mun tsare shi, ko kwarzane babu, amma matan sun ƙi shi. Mun rasa mi muka yi."

Tausayinsa ya kama ni, dariya kuma na cina. Amma ni ba zan iya gaya masa ba, ba girmana ba ne, kuma zan kunyata shi gaban mutanensa. Na koma na yi shawara da Inna Gado, ashe taubashiyarsa ce, ɗiyar gwaggonsa, wadda duk abin da ta faɗa masa wasa ne, ba ya zama laifi. Ta ɗauki sandarta ta nufi rumfa, ina biye.

Ta ce, "Kai Maigari, bawana, tashi ka taka fanfon ga in gani."

Ya ce, "Ke tsohuwar banza, ni da rawanina?"

Ta ce, "Ashe ka san kunya! Kai ba ka iya tsalle gabana, amma kana so matar ɗanka ta yi gabanka?"

Sai wani tsoho ya ce, "La'ilaha illallahu!" ya rufe baki. Maigari ya dubi fanfo, ya dubi rumfa, sai ya fashe da dariya har hawaye. Ya ce, "Ashe mu ne dodon!" Kafin la'asar an tuge ginshiƙai, dattawa da kansu suka tallabi rumfar suka nufi gindin gawo, matan na leƙe ta saman darni suna guɗa. Aka kawo karan hatsi aka kewaye fanfon, aka bar ƙofa ta wajen gidaje. Gadin kuma aka ba tsofaffin mata.

Ranar da motar masu cirewa ta zo, Shef ya biyo ta. Ya ji hayaniya cikin darni, ya nufi ƙofa zai leƙa, sai Inna Gado ta tare shi da sanda ta ce, "Ina za ka? Kai ma surukin wani ne!" Ya juya yana dariya, ya ce wa direba su koma da kayansu. Da na rubuta rahoto, ya sa aka ƙara a ƙa'idar furoje cewa kafin a zaɓi wurin kafa fanfo sai an zauna da mata su kaɗai.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya muku kullum. Ƙidayar Isufu ba ƙarya ba ce, kowa na son fanfon. Ita ta nuna mana akwai matsala, zama da sauraro ya nuna mana inda take. Mutanenmu ba sa faɗin abin kunya don an tambaye su, sai ka ɗauki jarka ka bi su, ka taka abin da suke takawa. Ko a gidajenku, in yaro ya ƙi lakkwal, wato makaranta, ko maƙwabci ya daina gaisuwa, ku zauna ku lura kafin ku yanke hukunci.

Ramatu ta sauka lafiya kafin damina ta faɗi. Da na je barka, Inna Gado ta miƙo mini jaririyar ta ce da ruwan fanfo aka yi mata wankan farko.